Jan Ɗigo a Kan Noti

A duk layin, Baba Ɗigo ake kiransa, har jikokinsa sun manta yana da wani suna. Shekara talatin ya yi a shagon nan mai ƙofa ɗaya yana gyaran rediyo da fanka da dutsen guga, kuma duk notin da ya ɗaure sai ya ɗiga masa jan farce. A wurin matarsa yake ɗauka, ita kuwa kullum cikin mita take wai ita da tsofaffin rediyoyi suke rabon kwalliya. Dalilinsa ɗaya ne: in abu ya sake lalacewa aka dawo da shi, ya ga ɗigon nan bai fashe ba, to laifinsa ne, zai sake gyarawa ba musu.

"Ni ba na gudun aikina," haka yake cewa, yana wani ɗaga kai.

Da ƙananan jiragen nan marasa matuƙi suka shigo gari, masu ɗaukar hoto da masu feshin gona suka fara kawo masa. Ya buɗe ɗaya, ya leƙa, ya ce ashe fanka ce guda huɗu aka ɗora wa girman kai. Ya iya su kuwa. Daga baya gwamnati ta kafa doka: kowane jirgi sai da rajista, kuma mai gyara kada ya taɓa shi sai ya ga takarda. Baba ya ji sanarwar, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da abin da ya saba. Shi a ganinsa tambayar mutum takarda kamar kiransa ɓarawo ne.

Wata Laraba wani mutum mai sanyin murya ya kawo babban jirgi, farfela ɗaya ta karye, waya biyu sun ƙone. Ya ce na feshin gonar yayansa ne, takardar tana gida. Baba ya lura ba tankin magani a jikinsa, sai wata ƙugiya da aka yi wa walda a ƙasa. Ya lura sarai. Ya gyara, ya ɗaure noti takwas, ya ɗiga wa kowanne.

Bayan kwana tara, da hantsi, tela maƙwabcinsa ya shigo da waya a hannu.

"Baba, ka ga abin da aka yi a shingen sojoji? Jirgi aka turo musu da bam. Mutum biyu sun rasu."

A hoton an baje tarkacen a kan tebur. Mai ɗauka ya matso kusa da wani ɓallin hannun jirgin, ga noti biyu, kowanne da jan ɗigo. Baba ya miƙa wa tela wayarsa ya ce Allah ya jiƙansu.

Tsoro ya shige shi irin wanda bai taɓa sani ba. In babur ya wuce sai ya ɗaga kai sama. In mota ta rage gudu a bakin shago sai sukudireba ta faɗi daga hannunsa. Ya ɗauki reza ya bi kayan da ke shagon yana kankare ɗigo, ya yi ashirin, sannan ya zauna jagwab. Wa zai bi gidajen gari ya kankare aikin shekara talatin? Abin da ya fi cin ransa kuma, mutum biyun nan, da ƙugiyar da ya gani ya yi shiru.

Da ya gaya wa matarsa, ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta goge faratanta tas, ta naɗe kwalbar a tsumma ta jefa a shara.

"Malam, ka saurare ni. Jan farce a kasuwa ake sayar da shi, ba kai ka ƙirƙiro shi ba. In an tambaye ka, ka ce ba ka sani ba. Wanda duk sojoji suka ɗauka a kan irin maganar nan, ka taɓa ganin ya dawo da wuri?"

"To," in ji shi.

"Ba 'to' ba. Ka faɗa in ji."

"Ban sani ba."

Ta sa ya maimaita sau uku, kamar mai koyon karatu.

Rana ta huɗu ta kawo masa abincin rana, tana tsaye ke nan wani soja ya shigo, shi kaɗai, da tsohuwar rediyo a hammata. Baba ya gane shi, sajan ne da ya taɓa yi wa gyara shekarun baya. Ya yi sallama da ladabi, ya ajiye rediyon a kan tebur ya kifa ta. Noti huɗu, ɗigo huɗu. Sannan ya ciro wani ɓallin ƙarfe da ya ƙone daga aljihu, ya ajiye a gefenta.

"Baba, tun da ka taɓa rediyon nan ba ta sake ba ni matsala ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rasu, ɗakinmu ɗaya, tare muke sauraronta. Ba a turo ni ba. Ni na zo in ji daga bakinka. Wannan aikin naka ne?"

Matar ta kafe mijinta da ido. Kalmomin da ta koya masa suna nan a bakinsa, uku ne kacal. Ya dubi ɗigon da ke kan ƙarfen, ya ɗan karkace hagu kamar yadda hannunsa ke yi tun da ido ya fara rauni.

"Nawa ne," ya ce. "Na ga fuskar wanda ya kawo, kuma ban tambaye shi takarda ba."

Sajan ya sauke numfashi. "To ɗauko hularka, Baba."

Wajen ɗauko hular, makullin shagon ya faɗi ƙasa. Matar ta sunkuya ta ɗauka. A bakin ƙofa ya juyo wajenta.

"Fankar tela tana nan a ƙasan tebur," ya ce. "Na gama ta. Ki ce masa in ta sake lalacewa, ya jira ni."