Ƙarya Ukun Da Verna Tackett Ta Shuka

Shekara talatin da ɗaya Verna Tackett ta yi tana ɗinke gefen katifa a masana'antar da ke bakin kogi a garin Cutler Falls, kuma a tsawon shekarun nan ba ta taɓa sa hannu a takarda ba sai ta karance ta tas, har da ƙananan rubutun da ake cusawa can ƙasa. Dalilinta tsoho ne. Tana 'yar shekara tara wani dillalin injinan noma ya lallaɓa mahaifinta ya sa hannu a wata takarda, kafin girbi biyu gonarsu ta koma hannun banki. Tun daga nan ta ɗauka duk wanda ya nufo ka da murmushi da biro, akwai abin da ya hango.

Ba wai mugun hali gare ta ba. Idan aka yi rashin lafiya a layinsu ita ce ta farko da za ta aika da miyar wake da burodin masara, sai dai za ka tarar ta manna sunanta a gindin kwanon. Mijinta Harlan, tsohon direban tirela da ciwon baya ya zaunar, yakan ce Verna ko inuwarta ce ta biyo ta sai ta waiwaya ta tambaye ta wanda ya aiko ta.

Da kaka, ganyen itatuwa sun fara ja, aka sayar da masana'antar. Sababbin masu ita suka kwance injina suka yi kudu da su, mutum ɗari da arba'in suka wayi gari ba aiki. Verna na da shekara hamsin da takwas. Ta je ɗakin karatu na gari, ta zauna gaban kwamfuta ta cike takardun neman tallafin da jiha ke ba wanda aikinsa ya tsaya ba da laifinsa ba. Abin da wasu suka gama cikin minti arba'in ita sai da ta kwashe wuni biyu, don kowane layi sai ta maimaita shi.

Ƙa'idar ba ta da wuya a baki. Kowace Lahadi, in an taso daga coci, za ta amsa tambayoyin mako: ta yi wani aiki? An biya ta? Ta nemi aiki a wuri uku? An ba ta ta ƙi? Ta sayi ɗan littafi tana rubuta duk inda ta je, da sunan wanda ta gani da ƙarfe nawa. Mako biyar tallafin na shigowa. A na shida shiru. Ranar Alhamis wasiƙa ta zo daga ofishin da ke babban birnin jiha, wai rahoto ya iso musu cewa tana ɗinki a gida ana biyanta ba ta bayyana ba, wani jami'i zai kira ta.

Ɗinki kam tana yi. Tana da tsohon keken ɗinki a gareji, tana harhaɗa ƙyallaye tana yi wa gidan tsofaffin da mahaifiyarta ta rasu a ciki barguna, ko sisi ba ta taɓa karɓa ba.

Ranar Litinin da hantsi waya ta yi ƙara. Wani mutum mai taushin murya ya gaishe ta, ya ce daga ofishin tallafi yake, kafin su fara ta faɗa masa ranar haihuwarta da ƙarshen lambar shaidarta.

"Kai ka kira ni," in ji Verna. "Ai kai ya kamata ka san ko ni wace ce."

"Madam Tackett, ƙa'ida ce, don mu tabbatar ke ce."

"Ni kuma da me zan tabbatar kai ne?"

Ta kife wayar. Ofishin nan da kansa ya sha aiko da gargaɗi cewa 'yan damfara na kiran mutane da sunansa. Washegari ya sake kira, ta sake kifewa. Harlan da ke kishingiɗe yana kallon wasan ƙwallo ya ce, "Tsohuwa, in kuma na gaskiyar ne fa?" Ta ce na gaskiya ba sa magana da laushi haka.

Na gaskiyar ne. Bayan kwana goma wasiƙa ta biyu ta zo: tunda ta ƙi ba da haɗin kai an yanke hukunci da abin da ke hannu, an dakatar da tallafinta, kuma za ta mayar da na mako biyar ɗin. Tana da damar ɗaukaka ƙara. A ranar ta rubuta, ta kai gidan waya da ƙafarta, ta karɓi rasiti. Safiya huɗu a jere ta kira lambar ofishin, tana sauraron kiɗan jira har kunnenta ya yi zafi, ba ta samu ɗan Adam ba.

Amma ba rashin tallafin ne ya fi cin ta ba. Wa ya kai ta? Garejin taga ɗaya gare shi. Da ta zauna ta lissafa, mutum uku ne suka san da keken. Akwai Mama Opal, tsohuwar maƙwabciyarta da tagar kicin ɗinta ke kallon garejin. Akwai Cletus, ƙanin Harlan, da ya shigo aron tsani ya tsaya yana shafa barguna yana tambayar nawa za su yi a kasuwa. Sai Jolene, wadda suka yi shekara ashirin da biyu keke na jikin keke a masana'anta, aka sallame su rana ɗaya.

Verna ba ta gaya wa kowa shirinta ba. Ta yanke shawarar ba kowannensu ƙarya daban, ta ga wadda za ta isa birni.

Ta fara da Mama Opal, ta kai mata tuffa ta kan shinge. "Kin ji ni shiru kwana biyu, Mama. Rigar amarya na karɓa, ta wata yarinya daga ƙetaren kogi. Sun biya da kyau. Amma tsakaninmu."

"Ni da wa nake gani, 'yar nan?" in ji tsohuwar. "Sai kyanwata."

Cletus ya dawo da tsanin ranar Asabar. "Matar yaya, har yanzu gwamnati na ciyar da ke kina kwance?"

"Kai da ba ka taɓa riƙe aiki ya kai Kirsimeti biyu ba, kai ne mai bakin magana? Tamfol nake ɗinka wa masu kwale-kwalen kamun kifi. Kuɗi hannu. In na ji a waje na san kai ne."

Ya yi dariya ya ce shi bakinsa kabari ne.

Ta Jolene ce ta yi mata nauyi. Suna zaune a motar Jolene a gaban wani kanti da suka je cike takardar neman aiki tare, dusar ƙanƙara ta farko na sauka a gilashi. Jolene ta zuba mata kofi daga fulas. Verna ta karɓa, ta kalli waje, ta ce wani coci a garin gaba ya ba ta aikin sabunta kushin ɗin kujerunsa.

"Kai, na yi miki murna, ƙawata," in ji Jolene. "Amma ki rubuta musu a takardar Lahadi. Kin san mutanen nan ba su da wasa."

Verna ta riƙe maganar tana juya ta har gida. Shawarar masoyi ce, ko ta wanda ya riga ya san abin da ke tafe?

Saura mako ɗaya a saurari ƙarar, ofishin ya aiko mata da kwafin duk abin da ke fayil ɗinta. Ta zauna a teburin kicin ta sa tabarau. Rahoton farko layi biyu ne, ba suna. A bayansa akwai na biyu, sabo, shi ma ba suna. Ta karanta, ta sake karantawa. An rubuta cewa matar nan ta ɗinka rigar amarya, tana yi wa masu kwale-kwale tamfol, kuma ta karɓi kwangilar kujerun wani coci.

Duka ukun.

Dole ta kwance wa Harlan komai. Ya saurara har ƙarshe, ya so yin dariya, ya ga fuskarta ya haɗiye.

"Verna, a garin nan kike tun haihuwa. Opal da Jolene wuri ɗaya suke gyaran gashi ranar Alhamis. Cletus kuma kullum da safe yana gidan abincin kan kwana, teburi ɗaya da mijin mai gyaran gashin. Nan in ka yi atishawa a wannan bakin gada, daga wancan bakin za a ce maka sannu. Yanzu rabin gari ya san ƙaryarki. Kin haƙa rijiya kin zauna a bakinta kina jiran wani."

Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ɗan jima tana dubansa. Ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Kar ki soma," ya ce. "Shekara talatin da shida da aurenmu. Kar ki soma zargina."

Ta sunkuyar da kai kan takardun.

Hanya ɗaya ta rage, ta kawo su ukun su shaida cewa daga bakinta kawai suka ji, ba wanda ya ga riga ko tamfol. Wannan kuwa sai ta gaya musu dalilin da ya sa ta yi musu ƙarya. Mama Opal ta ce ita dama ta yi mamakin rigar amarya a garejin da ke warin man mota, ta yarda ta faɗa wa mutum biyu ko uku, don abin farin ciki ne. Cletus ya ce shi ya ji daɗi ma da aka sa shi cikin jerin, ashe ana ganin ya iya rubuta wasiƙa. Jolene kuwa tana tsaye a bakin ƙofarta ta saurara, ba ta ce ta shigo ba.

"Lokacin da aka yi miki aikin ido, wa ya riƙa cike miki adadin katifunki don kada a rage miki albashi?" in ji Jolene.

"Ke ce."

"To. Ƙarfe nawa ne sauraron?"

"Goma, ranar Talata."

"Zan zo."

Ta waya aka yi. Suka kewaye teburin kicin, wayar a tsakiya an buɗe muryarta. Verna ta gasa kek ɗin tuffa ta jera faranti. Alƙaliyar, wata mace mai magana a hankali kamar malamar makaranta, ta rantsar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta karanta wasiƙar da shugabar gidan tsofaffi ta aiko, cewa barguna sha bakwai Verna ta kawo musu kyauta. Sannan ta zo kan rahoto na biyu.

"Madam Tackett, kin faɗa wa mutanen nan waɗannan maganganu?"

"Na faɗa."

"Gaskiya ne?"

"Ƙarya ce, ranki ya daɗe. Ni na ƙirƙira."

"Don me?"

Verna ta kalli gefen faranti. "Ina so in san wanda ya kai ni."

Aka ji tafiyar biro ta cikin wayar. Mama Opal ta ba da shaida ta haɗa da tarihin kyanwarta, sai da aka tsayar da ita. Cletus ya nutsu fiye da yadda kowa ya zata. Jolene ta yi magana a taƙaice, ta faɗi rana da wuri da abin da aka gaya mata, ta ce ta shiga garejin sau da yawa ba ta taɓa ganin komai ba sai ƙyallaye, kuma a shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kama Verna da ƙarya ba sai wannan.

Da aka zo rufewa Verna ta nemi izinin tambaya ɗaya. Wa ya rubuta?

"Ko na sani doka ba ta ba ni damar faɗa ba," in ji alƙaliyar. "Amma ban sani ba. Ba suna ya zo. Kuma Madam, nan gaba in jami'inmu ya kira kina shakka, ki karɓi sunansa, ki kira lambar da ke kan wasiƙa."

"Na kira. Kiɗa suka sa mini."

"Na sani," ta ce, ta rufe zaman.

Cletus ya ci yanka biyu na kek ɗin. Jolene ta sa rigar sanyinta, ta yi wa Harlan sallama, ta fita.

Bayan mako biyu hukunci ya zo, Verna ta yi nasara, aka sakar mata abin da aka riƙe. Ta ci gaba da amsa tambayoyin Lahadi har bazara, lokacin da wani shagon wanki da guga a garin gaba ya ɗauke ta aikin rage tsawon wando da sauya zif, kwana huɗu a mako. Albashin bai kai na masana'anta ba, amma ta daina jiran wasiƙa.

Ta je gidan Jolene sau biyu. Na farko ba ta same ta ba, na biyu suka yi hirar yanayi a tsaye minti biyar. Da rani Jolene ta sayar da gidan ta koma wurin 'yarta a wata jiha, kuma a bakin mai sayar da mai Verna ta ji labarin.

Har yau ba ta san wanda ya rubuta ba. Ba ta ƙara tayar da zancen da kowa ba, ko da Harlan. Sai dai ta sauya wurin zama a coci, ta koma layin ƙarshe kusa da ƙofa, inda take iya ganin ƙeyar kowa. Wani lokaci ana tsakiyar waƙa sai idonta ya tsaya kan wani da suka yi shekara arba'in suna gaisawa, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta nemo baitin da aka kai ta ci gaba.