Ranar da Malam Mato Ya Ce Yana So

Duk garin Fammar an san Malam Mato da noman masara, an kuma san ba ya karɓar kyauta kai tsaye. Ko goro ka miƙa masa, sai ya ture hannunka ya ce, "Haba, bar shi." Kai kuma ka san aikinka: ka matsa, ka haɗa shi da Allah, sannan ya karɓa yana gunaguni kamar an cuce shi. Ni dai halin nan nasa dariya yake ba ni, kuma ina ƙaunarsa a haka.

Ƙanensa Isiyaku tela ne a Kumasi. Da can direba yake ba kuɗin taki ya kawo, direban kuwa ya san wasan, sai ya zauna ya sha fura ana ja-in-ja. Bana sai Isiyaku ya turo ta kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, a wayar Mas'uda matar Mato, wadda dama da kirifton take saro atamfa. Lokacin masara ta kai gwiwa, ganyenta ya fara yin rawaya don rashin taki.

"Malam, Isiyaku ya turo kuɗin taki," in ji Mas'uda.

"Haba! Yaron nan da nasa iyalin? Mayar masa."

Ya gyara zama yana jiran lallashi. Ita kuwa ta danna waya.

"Na mayar."

Mato ya miƙe zumbur. "To janyo shi mana, ai bai yi nisa ba!"

"Malam, wannan ba direba ba ne da za a bi shi tasha. In ya fita ya fita, babu ofishin da ake kai kuka. Sai dai mai shi ya sake turowa."

Ko da gangan ta yi, har yau ba ta faɗa ba.

Mato ya je gona ya daɗe yana kallon masararsa, ya dawo ya ce a kira masa Kumasi. Ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi kasuwa, har gaisuwa ta ƙare masa. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Isiyaku, kuɗin nan ina so. Ina buƙata."

Sai Isiyaku ya ce, "Yaya, kai ka rene ni, ban taɓa jin ka ce kana buƙatata ba. Don Allah sake faɗa in ji."

Mato ya sake faɗa.