Ranar da Aka Sallami Inna Tasalla

Wata rana, ana tsakiyar zafin bazara, wani bawan Allah ya je asibiti ɗauko mahaifiyarsa.

Sunansa Mudassir, malamin sakandare ne, unguwarmu ɗaya. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko a wurin alwala sai ya miƙa maka buta ya ce kai ka fara.

Mahaifiyar tasa, Inna Tasalla, ta daɗe a kwance. Aiki aka yi mata a ciki, jikin ya rikice har dangi suka fara cire rai. Sai Allah Ya tashi kafaɗunta. Ranar likita ya duba ɗinkin, ya ce ta tafi gida.

Mudassir ya kwantar mata da kujerar gaba, ya sa mata filo, ya loda tabarma da kwanuka a but. Suka kama hanya yana ta murna.

Duk mai bin babbar mahaɗar nan da ake ginin gadar sama ya san halin da ake ciki. An toshe hannu ɗaya da manyan tubalan kankare. Motocin da ke fitowa ta kowace kusurwa an matse su a siririn layi guda.

Nan suka maƙale.

Rana ta take. Na'urar sanyin motar ta daɗe da mutuwa. In ya buɗe gilashi, hayaƙin tirela da ƙurar jar ƙasa su cika motar. In ya rufe, kamar an saka su a tanda.

Ya waiga ya ga gumi na bin wuyan Inna, ta dafe gefen cikinta, ta lumshe ido tana salati a hankali.

Zuciyarsa ta karaya.

A gefensa akwai 'yar kafa tsakanin tubalan, inda wani ya ture durom. Ga allo nan ƙarara: an rufe, ana aiki. Amma babura sai sulalewa suke yi ta ciki. Can kuma wata jif ta kutsa ta wuce abinta.

Ya murza sitiyari.

Inna ta buɗe ido. "Ina kuma za ka, ɗan nan?"

"Inna, zafin nan zai illata ki. Nan da can ne, yanzu mu ɓulla."

"Na iya kwanciyar asibiti, zaman mota ne zai gagare ni? Ka bi layi."

"Ki yi haƙuri, Inna."

Ya shiga.

Tunda ya yi wayo ba a taɓa jin ya tsallake maganarta ba sai ranar. Kuma tausayinta ne ya sa shi.

Ciki babu kwalta, sai ramuka da tulin yashi. Dole ya riƙa lallaɓawa saboda ɗinkin da ke jikinta.

Yana zagaye wani tsibin tsakuwa sai ga bayan tifa, cike da kaya, tana tahowa da baya.

Direban yana can sama, bai san da mota a wurin da aka rufe ba. Mai yi masa jagora yana ɗaya gefen.

Mudassir ya danna hon. Rugugin katafila ya haɗiye ƙarar.

Ya sa ribas. Ashe wani mai adaidaita sahu ya biyo shi, ya tokare bayansa.

Tifar ta hau gefen da Inna take.

Shi ya fito da ƙafarsa, ban da yankan gilashi a goshi babu abin da ya same shi. Ita kuwa sai da ma'aikatan ginin gadar suka sa rodi suka ɓalle ƙofar kafin a zaro ta.

Aka juya da ita asibitin da ta baro. Ma'aikatan jinyar da suka rako ta bakin ƙofa suna yi mata Allah ƙara lafiya, su suka karɓe ta.

Ba ta kai magariba ba.

A gida jikoki sun share ɗakinta, an kunna turaren wuta, yayarsa na ta kiran waya ta ji me ya tsayar da su.

Na je zaman makoki washegari. Muna zaune a ƙofar gida sai ga wani dattijo, furfura fal gemu, ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Aka ce direban tifar ne. Ya durƙusa gaban Mudassir yana hawaye.

Mudassir ya kama kafaɗunsa ya ɗago shi.

"Tashi, Baba. Kai a wurin aikinka kake. Ni na shigo maka."



Na san wani zai ce kwananta ne ya ƙare. Haka ne, mun yi imani. Amma ba na yi wa kowa fatan ya rayu da sanin cewa ta hannunsa abin ya biyo.

Darasi: Shingen da aka sa a wurin aikin hanya ba don a ɓata maka rai aka sa shi ba. Bayansa akwai rami, akwai manyan injuna, akwai direban da ba ya ganinka. Ko uzurinka mai kyau ne, tifa ba ta san uzuri ba. Don wani ya wuce lafiya a gabanka, ba a yi maka alkawarin haka ba. Ka zauna a layinka, ka sha zafin, ka kai naka gida da rai.

Allah Ya jiƙan Inna Tasalla, Ya sanyaya zuciyar ɗanta.

In akwai mai riƙe sitiyari a gidanku, tura masa wannan kafin ya fita gobe.