Murfi Na Goma Sha Uku

Wata ranar Juma'a ce a tsakiyar watan Satumba, shekarar da na cika sha ɗaya, muka dawo daga coci jiƙe sharkaf da gumi. A lokacin Juma'a ce ranar hutu a Dubai, don haka mu Kiristoci ma a ranar muke zuwa sujada. Baba ko safa bai cire ba ya ce, “Rifkatu, ɗauko min gwangwanin.” Na san wanda yake nufi, wani tsohon gwangwanin madara ne da ke ɓoye a bayan talabijin, cike da murafen kwalaben lemo. Na juye su a kan tabarmar robar da muke cin abinci a kai, Mama ta leƙo daga kicin ta ja tsaki, ta ce an fara haukar shekara ke nan. Ni kuwa murna kamar ta kashe ni, domin Baba ya yi alkawarin bana zai bar ni in sa hannu. Na san saura sati huɗu yayana Ishaya ya cika shekara sha takwas. Abin da ban sani ba shi ne, a dokar wancan lokacin, ɗa namiji in ya kai sha takwas ba ya ci gaba da zama a kan bizar ubansa, sai in yana jami'a ko ya sami aikin kansa. Ishaya ba shi da ko ɗaya a ciki.

Babanmu Bitrus mutumin Kafanchan ne, mai gyaran firji. Da ya zo Dubai sai ya sami aiki a wani filin ƙanƙara da ke cikin wani babban kanti, inda yake kula da injinan da ke daskarar da ruwan filin. In aka tambaye shi aikinsa sai ya daki ƙirji ya ce, “Ni ne mai hana hamada shanye ƙanƙara.” A can ne ya riƙa kallon wasu Turawan Kanada suna buga hoki bayan sun tashi daga aiki, manyan mutane da tumbinsu suna sulɓi a kan takalma masu ƙarfe kamar wuƙa, suna koran wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna. Da fari dariya suke ba shi. Kafin shekara ta zagayo, ɗaya daga cikinsu ya ba shi hular wata ƙungiyar ƙwararru ta garinsu, ya nuna masa yadda zai riƙa kallon wasanninta a waya lokacin hutun rana. Shi ke nan Baba ya kamu, ya zama ɗan ga-ni-kashe-nin ƙungiyar wani gari da bai taɓa takawa ba, bai kuma taɓa takawa ba har yau.

A wasan nan, 'yan gaba sha biyu ƙungiya take shiga fili da su, an raba su layi huɗu, kowane layi mutum uku: ɗan tsakiya, na hagu, da na dama. Layi ɗaya zai yi gudun ɗan lokaci kaɗan, ya fita a gajiye, wani ya faɗo. Kafin a buɗe kakar wasa a watan Oktoba, babu wanda ya san yadda koci zai jera mutanensa, sai dai hasashe. To wannan hasashen shi ne bikin Baba. Kowane ɗan wasa yana da murfinsa, kuma tun da sunayensu suna karya mana harshe, sai muka raɗa musu namu: Dogo, Bahago, Mai Giɓi, Sabon Yaro, Dattijo. Abokin gardamar Baba shi ne Kawu Awudu, Musulmi daga Zongon Kumasi a Ghana, wanda aikinsa a filin shi ne wasa ƙarafan takalma su yi kaifi. In ya idar da sallar Juma'a sai ya biyo ta gidanmu a unguwar Muhaisnah, su durƙusa su biyu a kan tabarma, wannan ya tura murfi gaba, wancan ya mayar da shi baya. “Chale, abokina, ka sa Dogo da Bahago wuri ɗaya, wa zai ba wani faifai?” in ji Kawu. Haka za su yi ta yi har tuwo ya huce, kamar kocin can Kanada yana zaune yana jiran hukuncinsu.

Mu ma yaran gidan layi guda ne, don mu uku Allah ya ba iyayenmu. Ishaya ɗan tsakiya, ni a hagu saboda bahaguwa ce, ƙaninmu Luka a dama. Gidan ɗaki biyu ne, kicin kuma na tarayya da wasu iyalin Indiya, don haka filinmu shi ne dogon barandan bene. In mun gama wanke kwanoni, mun kai shanya saman rufi, mun sauko da shara, sai mu zura safa don mu riƙa sulɓi a kan tayil, mu ɗauki sandunan mofa, murfin gwangwani ya zama faifai, takalman Mama su zama raga. Mai gadin benen ya kore mu ya fi a ƙirga. A makaranta kuwa, inda kowa wasan kurket ya sani, dariya ake mini in na ce ni 'yar hoki ce. Wata yarinya ta taɓa tambayata ko akwai ƙanƙara a Afirka, na ce mata babana ne ma yake yin ta nan garin.

Asabar da safe ce ranarmu ta gaskiya. Kafin a buɗe wa jama'a, akan bar 'ya'yan ma'aikata su shiga filin da Baba ke aiki na rabin awa, da sunan gwada ƙanƙara. Kawu Awudu ya zaɓo mana takalman haya da suka fi dama-dama, ya ɗaure mana igiya da kansa. Ni da Luka faɗuwarmu ta fi gudunmu yawa. Ishaya kuwa wani abu ne daban. Yaron da a gida ba ya iya ɗaukar kofi ba tare da ya zubar ba, in ya hau ƙanƙara sai ka rantse a kanta aka haife shi. Ba ya kallonka zai turo maka faifai, sai dai ka ji shi ƙwas a bakin sandarka. Dattijo yake kwaikwayo, tsohon ɗan tsakiyar ƙungiyar Baba, wanda ya fi son bayarwa a kan ci. Murfin Dattijo ja ne mai lotsattsen gefe, kuma Ishaya ne ya tsinto shi da hannunsa. Baba yakan tsaya a bayan gilashi cikin rigar sanyinsa yana mana ihu, “Ku tafi tare! Layi mutum uku ne, in ɗaya ya ɓace babu layi.”

A wannan Juma'ar Kawu Awudu ya shigo babu barkwancin da ya saba. Na ga ya dubi Baba daga bakin ƙofa ya girgiza kai, Baba ya sunkuyar da kai. Sai daga baya na san ma'anarsa. Kawu ya yi sati da sati yana nema wa Ishaya gurbi a wurin ba da takalman haya, domin aikin ya zo masa da biza, a ranar kuma aka tabbatar masa an ba wani. Ishaya yana zaune a gefen katifa yana kallonsu. Aka durƙusa aka fara jera murafe.

A shekarar ƙungiyar ta wayi gari da 'yan gaba sha uku da suka cancanta, domin Sabon Yaro ya taso da ƙarfinsa, gurbi kuma sha biyu ne. Baba ya jera layi uku, ya zo na huɗu ya kasa. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya mayar. Can ya ture murafen gabana ya ce, “Yalla, maza ke gwada mu gani.” Ni kuwa abin nema ya samu. Na kwana biyu ina shirya jawabina, ga ni dama da bakin tsiya tun ina ƙarama. Na jera layi huɗu cif, na sa yatsa na ture jan murfin nan gefe har ya gangara ya daki ƙafar Ishaya. Na ce, “Dattijo ne zai tafi. Doka ce, Baba, sha biyu ne, ba a ƙara ko ɗaya. Ba wai ba a son shi ba ne, lokacinsa ne ya cika, babu masa wuri. Khalas, shi ke nan.” Har da tafa hannu na yi, ina jiran a yaba mini.

Na ji ludayi ya faɗi a kicin. Kawu Awudu ya ce, “Subhanallah,” ƙasa-ƙasa, ya kau da kai. Baba ya zuba wa tabarma ido kamar an rubuta wani abu a jikinta. Ishaya ya sunkuya ya ɗauki murfin, ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce, “Ta yi daidai ai.” Ya sa shi a aljihu ya fita baranda. Ni haushi ma na ji, a zatona fushi yake don na taɓa gwaninsa, na bi bayansa da murguɗa baki.

Da la'asar, muna kwashe shanya a saman rufi, Mama ta faɗa mini komai tana ninke rigar Ishaya ta makaranta. Ta ce za a mayar da Ishaya Kafanchan wurin ƙanin Baba kafin ranar haihuwarsa. Ta ce Baba ya daɗe da sanin haka za ta faru, amma kullum Ishaya ya tambaye shi sai ya ce ana kan magana. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tsaya da kwandon kaya a hannu, maganata tana dawo mini kalma bayan kalma: doka ce, lokacinsa ya cika, babu masa wuri. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba. A cikin kaina na yarinya, gani nake ni ce na kore shi, da ban ture murfin nan ba da wata hanya ta ɓullo.

Sati ukun da suka rage na yi su ina neman bakin ba shi haƙuri, bakin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya ƙi buɗuwa. Na wanke masa takalmi, na bar masa naman miyata, ya ci bai tambayi dalili ba. A Asabar ta ƙarshe ya turo mini faifai har sau uku a gaban raga, sau uku ina kuskurewa don hawaye ya rufe mini ido, na ce masa sanyi ne. A filin jirgi ya shafa kan Luka, ya ja mini kunne ya ce in rage surutu. Na ce to. Iyakar abin da na iya ce masa ke nan.

Bayan tafiyarsa ni da Luka mun shiga ƙanƙara sau biyu ko uku, muka riƙa tura wa juna faifai ta tsakiyar da babu kowa, daga nan muka daina. Baba ya ci gaba da kallon wasanni a waya, amma gwangwanin bai sake fitowa daga bayan talabijin ba. Ishaya ya sauka a garin da ya bari tun yana ɗan shekara shida, inda ake masa dariyar Hausarsa mai gauraye da Larabci. Ya sha wuya shekarun farko, ya daina kiran waya na wani lokaci, daga baya ya koyi gyaran firji kamar Baba. Da aka sauya dokar bayan wasu shekaru, aka ɗaga shekarun 'ya'ya maza zuwa ashirin da biyar, Baba ya karanta labarin a waya, ya kife ta, bai ci abinci ba ranar.

Yanzu ina aiki a ofishin wani sito a Dubai Investments Park. Baba da Mama sun koma gida, gwangwanin kuma ya zama nawa. Duk Satumba nakan juye shi a kan teburina, duk da cewa 'yan wasan da muka sani sun yi ritaya, sababbin kuma ni nake raɗa musu suna ni kaɗai. Bara ne na kira Ishaya ina tsakiyar jerawa, na daure na faɗi abin da na kasa faɗa ina 'yar sha ɗaya. Ta cikin wayar ina jin ƙarar janareto a shagonsa. Sannan ya ce, “Rifkatu, wata biyu ina jiran wani ya gaya mini gaskiya a gidan nan. Ke kaɗai kika faɗa, ke ma ba ki san kin faɗa ba.” Na tambaye shi jan murfin, ya ce yana nan cikin akwatin kayan aikinsa. Ya ce ɗansa ya tambaye shi mene ne hoki, ya buɗe firiza ya nuna masa, ya rasa ta inda zai fara bayani.

Kafin mu ajiye waya ya ce, “To bana wa kika cire?” Na dubi teburin, na ce masa ban gama ba tukuna. A da, cikin ƙiftawar ido nake jera sha biyu in ture na sha uku ina tafa hannu. Yanzu kakar wasa takan buɗe, a yi wasan farko, a yi na biyu, murafe sha uku suna nan a gabana, yatsana ya ƙi taɓa ko ɗaya.