Hotunan Amare a Wayar Uwa Mai Lalle

Uwa mai lalle ta daɗe tana shiga gidajen Nasarawa GRA tana yi wa amare ƙunshi, kuma ba a taɓa jin sirrin wani gida a bakinta ba. Wayarta cike take da hotunan matan mutane, wasu ko ɗankwali babu. Shi ya sa ranar da wayar ta faɗi, gilashin ya daina jin taɓi, hankalinta ya tashi.

Ta je wurin Jesse mai gyaran waya, amma ta ƙi sakar masa ita.

"Hajiya, sai kin faɗa min lambar buɗewa," in ji shi.

"Ka yi me da ita? Na sha jin yadda hotunan mata suke fita daga shaguna irin naku."

Jesse bai yi musu ba. Ya jona maus ɗin kwamfuta a gindin wayar, sai ga wata 'yar kibiya tana yawo a fasasshen gilashin.

"To, ki danna lambobin da kanki."

"Juya bayanka tukuna."

Ya juya. Sai da ta duba ko akwai madubi a bango, sannan ta danna. Yana kallon titi yana faɗa mata inda za ta kai kibiyar, har ta kwashe hotunan kaf zuwa katin memorin da ke cikin wayar, ta goge na kan wayar.

Ta cire memorin ta ƙulle a bakin mayafi. Ko a hakan, zama ta yi tana kallon hannunsa har ya gama canza gilashin.