Mahadi, Wanda Ya Koya wa Na'ura Hanyar Gida

Kowace safiya, kafin mata su gama hura wuta, Malam Mahadi yana bakin siton ƙungiyar manoma da tsumma a hannu. Sai ya durƙusa gaban wata na'ura mai taya huɗu, wadda tsayinta bai wuce na ɗan maraƙi ba, ya goge mata ido. Idon nan kyamara ce. Da ita na'urar ke bin kunyoyin masara tana feshin maganin tsutsa, da ita kuma take gane hanyar komawa caji idan batirinta ya yi ƙasa. Mutanen ƙauyen nan na gefen Malumfashi ba sa son dogon suna. Jakin Mahadi suke ce mata, wurin cajin kuwa turke.

Mahadi mai gyaran sola ne, kuma a hannunsa masu binciken da suka kawo na'urar gwaji suka bar ta bayan sun koya masa aikinta. A bangon sito, saman turken, sun zana alama mai gida-gida, baƙi da fari. Na'urar na hango ta sai ta daidaita kanta, ta matso a hankali har bakin ƙarfenta ya haɗu da na caji, ba mai tura ta.

Ba wanda ya san amfanin wannan kamar Baba Mudi. Shekara da shekaru shi ke goya tankin feshi a gonakin ƙungiya, har ƙirjinsa ya taɓu, likita ya ce ya nisanci maganin. Amma Mudi bai iya cewa a'a ba. Duk ranar da Jakin ya kwanta, ƙofarsa za a buga, kuma zai goya.

Damina ta yi tsakiya, tsutsa ta sauka, aka shirya walimar saukar Alƙur'ani a farfajiyar sito. Hajiya Mairo, shugabar mata, ta dubi bango ta ce ba za a tara baƙi gaban zanen dara ba. Aka kwaɓa farar ƙasa aka shafe shi tas. Washegari na'urar ta dawo daga gona, ta tsaya gaban farin bango tana juyi hagu da dama, har batirin ya mutu. Mahadi na Funtua sayen kaya. Don kada ya dawo ya ji haushi, matan suka samo gawayi suka mayar da zanen, har da gyara: inda gidajen suka karkace a da, suka jera su daidai. Ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, amma da aka tura ta caji da hannu aka gwada, na'urar ko kallo bai ishe ta ba.

Waɗanda ke wurin sun ce da Mahadi ya dawo ya daɗe yana duban bangon, sannan ya yi dariya.

"Hajiya, wallahi hannunku ya fi na masu ita. Sai dai ita karkataccen ta sani."

"To yanzu fa, Malam? Ga Baba Mudi can ya fara wanke tanki."

Dariyar ta ɗauke. Ya isa wurin dattijon, ya dafa tankin. "Baba, don Allah ajiye. Ni zan riƙa turo ta caji da hannu har ta koya."

Mayar da alamar aikin yini ɗaya ne, kuma ya mayar. Sai dai ya san mutanensa: gobe wani zai jingina buhun taki a bangon, jibi a rataya riga. Bai ga dalilin hana mutane bangonsu ba. Sai ya shiga ɗaukar hoton sito, da safe, da rana tsaka, da hadari, da awaki a gaba, da shanya a igiya. Yana zuba hotunan a kwamfuta yana nuna wa na'urar ƙofa da kusurwar gini, don ta san gidan kansa ko alama ta ɓace. Da ya rufe alamar don gwaji, sau da yawa ta kasa, ta je ta tokari turmin wani. Duk tsawon makonnin nan shi ke turo ta daga gona cikin taɓo, yara na masa waƙa. A ƙarshe ta koya, ko an rufe alamar tana kai kanta turke.

Kai ne, Mahadi, ka ƙi ɗora laifi a kan masu niyyar alheri. Kai ne ka gane cewa na'ura baƙuwa ce, ita ya kamata ta koyi zaman gari. Yanzu da idonka ya raunana kake miƙa aikin ga 'yan ƙungiyar da ka koya wa, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku masu kai kayan zamani ƙauyuka, ku zauna da mutane kamar yadda ya zauna.

Baba Mudi bai warke ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma tun waccan daminar bai sake goya tanki ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ladan ya yi tafiya, Mudi ya miƙe ya kira sallar la'asar. Muryar na rawa, amma ya kai ƙarshe bai yi tari ba. Mahadi na bakin rijiya yana alwala, bai ɗago ba sai da aka gama.