Ranar da Motar Galili Ba Ta Zo Ba

Ƙauyen da aka kawo ni aure yana kudu da Tudun Wada, idan ka ɗauki hanyar Doguwa ka ratse yamma. Mu Kiristocin cikinsa ba mu da yawa. Gidajenmu suna gefe guda bayan rijiya, kusan duk dangin juna ne, manoman masara da dawa da rake kamar kowa a garin. Cocinmu ginin ƙasa ne da rufin kwano, ni ce kuma ke koyar da yara a cikinsa ranar Lahadi.

Duk Litinin ɗin da ke bin Lahadin Ista mukan fita da yara daji su wuni suna ci suna wasa. Wannan fitar ita muke kira zuwa Galili. Matar fasto ce ke shirya komai. Wani ɗan'uwanmu mai a-kori-kura yakan zo ya kwashi yaran ya kai su bakin wani rafi ta wajen Falgore, a tafi da shinkafa da lemon kwalba da biskit. Yaranmu tun daga Kirsimeti suke ƙirga zuwan ranar.

A shekarar da nake magana, ana jibi fitar aka kira matar fasto cewa mahaifiyarta na kwance a Zariya, ta tafi ba shiri. Ta bar saƙo cewa mai motar zai taho da kayan abincin gaba ɗaya ranar Litinin da safe. Ranar, gari na wayewa yara suka yi wanka, aka shafe su da mai, suka sa kayan Ista suka taru a ƙofar coci. Akwai masu rarrafe a bayan yayyensu, akwai 'yan firamare, akwai 'yan sakandare da muryarsu ta fara buɗewa. Hantsi ya ɗaga, ba mota. Can sai ga fasto ya fito daga gida da waya a hannu, ya yafito ni gefe.

“Malama, motar ta lalace a Ƙafin Maiyaki, da kayan da komai. Ya ce ko gobe ba lallai ta tashi ba. Ki ba su haƙuri ki sallame su.”

Na juya na kalle su. Wata 'yar ƙarama tana riƙe da kofin roba da uwarta ta ɗaura mata a wuya da zare don kada ya ɓata a daji.

“Baba Fasto, a bar min su zuwa la'asar,” na ce. Ban san me zan yi da su ba a lokacin.

Na wuce gida da sauri. Surukata, wadda duk unguwa ke kira Inna, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗar iri. Na zube na gaya mata abin da ya faru. Ba ta ɗago ba.

“Me kike da shi a ɗaki?”

“Ɗan garin rogo da wake, sai zoɓo, sai gyaɗar miya.”

“To sauran matan ɗakunansu a share suke? Aika a gaya musu. Mangwaron bayan gida kuma ga shi nan yana zuba, awaki ke ci.”

Mangwaron nan marigayi surukina ne ya dasa shi, inuwarsa ta isa ta rufe taron biki. Na aika 'yan mata gida-gida. Kafin rana ta yi zafi sosai tsakar gidanmu ta cika. Wata ta kawo ɗaurin rake, wata ƙwaryar masara ta gugguru, wata goruba, wata garin ɗorawa da ta daka jiya, wata tsohuwa ta kawo mazarƙwaila da ta ɓoye ba mu san tun yaushe ba. Aka hura wuta uku. Aka ɗora ruwan ɗanwake, aka zuba yashi a kasko ana suyar gyaɗa, aka jiƙa zoɓo a babbar randa.

Ni kuma na ce bari in riƙe yaran da wasa kafin abinci ya nuna. Na ɗebi mangwaro da goruba da ƙullin gyaɗa na bi na ɓoye a bayan rumbu, cikin tarin kara, ƙarƙashin kwando, cikin kogon bishiya. Na tara su na ce kowa ya nema, abin da ka samu naka ne.

Ban gama rufe baki ba manyan yaran suka zuba a guje. Kafin ƙanana su gane inda aka dosa, an tsince komai. Wani ya cika aljihu ya cika hula. Aka ture wani ɗan yaye ya faɗi a ƙasa da sabuwar rigarsa. Kuka ya tashi ta ko'ina. 'Yan matan sakandare kuwa ko motsi ba su yi ba, suna jingine da katanga sun harɗe hannu, na ji wata tana cewa wannan ai wasan jarirai ne, da ta sani da ta yi zamanta a gida. Na fara tunanin maganar fasto.

Sai na ji an taɓa min zane. Babbar 'yata ce, lokacin tana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Yarinya ce marar magana, har malamanta sukan yi min ƙorafi cewa ta san amsa amma ba ta ɗaga hannu. Ko baƙo ya zo gida sai an tura ta take gaishe shi.

“Mama, ki bar min su,” ta ce.

Na dube ta, na matsa gefe.

Ta kifa turmi ta hau kai, ta ɗauki faranti da ludayi ta ƙwanƙwasa har aka yi tsit. Muryar da ta fito daga bakinta ban taɓa jin ta ba. Ta ce duk wanda ya tsinci abu ya dawo da shi cikin kwando, za a sake. Aka yi ta gunaguni, amma aka dawo da su. Sannan ta ce kowane babba ya zaɓi ƙarami ɗaya ya riƙe hannunsa, wanda ƙaraminsa bai iya gudu ba ya goya shi ko ya saɓa shi a wuya. Babba zai iya nuna hanya, zai iya ɗaga kwando, amma hannunsa ba zai taɓa mangwaro ko goruba ba. Ƙarami ne kaɗai zai ɗauka.

Wanda ya fi kowa girma a cikin samarin, ɗan wan mijina, ya ce, “To mu me za mu samu?”

“Abin da ƙaraminka ya ga damar ba ka,” ta ce.

Matan da ke bakin murhu suka fashe da dariya. 'Yan matan nan masu harɗe hannu ta ba su aikin ɓoyewa, ta ce su yi wayo amma kada su sa komai inda hannun ɗan shekara uku ba zai kai ba. Nan da nan suka saki katanga.

Abin da na gani bayan nan har yau idan na tuna sai na yi murmushi. Ƙaton saurayin nan yana tafe a duƙe, 'yar mai kofin roba a wuyansa ta kama kunnuwansa biyu kamar linzami, yana lallashinta, “Ƙanwata, duba can, ƙarƙashin murfin tulu.” Da ta ɗauko mangwaro sai ya fara roƙo, ita kuma ta ƙanƙame abinta a ƙirji. Sai da ya yi mata kukan jaki ya zagaya rumbu da ita sannan ta ba shi goruba ɗaya. Ba wanda ya sake kuka sai wani da kudan zuma ya bi saboda ruwan mangwaro a kumatunsa.

Da rana ta take, 'yata ta zaunar da kowa a inuwa. Ta sa samari suka jawo kara daga tari, suka hau fere shi suna ƙera motoci da tabarau da gadaje, kowa yana yi wa ƙaraminsa. 'Yan tsakiya suka kafa carafke da duwatsu. Wasu suka je bakin rijiya suka kwaɓo yumɓu.

A nan ne na lura da kawuna a saman dangarmu. 'Ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne, hayaniya ta jawo su, sun jeru suna leƙe. Inna ta gan su kafin ni.

“Je ki tambayi uwarsu tukuna,” ta ce. “Kada ki shigo da ɗan mutum ba da sanin gidansu ba.”

Na yafa gyale na shiga gidan maƙwabciyata, wadda muka daɗe muna aron turmi da rariya a tsakaninmu. Muka gaisa, na gaya mata abin da ke tafe da ni. Na ce wasa ne kawai da ɗanwake, ba nama, ba komai.

“Haba maman yara, har sai kin taso? Da Sallah naku a nan suke wuni. Su je, in an kira salla dai ki koro min su.”

Ban kai gida ba sai ga 'yarta a bayana da ƙwaryar fura. Can kuma Bafillatanar da ke kawo mana nono daga rugar bakin daji ta sauke ƙwaryarta don ta huta a inuwar mangwaron, kamar yadda ta saba, da yaranta biyu. Ta ga fura, ta ga yara, ta juye sauran nonon da ya rage mata a ciki, ta ƙi sauraron maganar biya. Ɗanta ya tsuguna wajen masu yumɓu ya gina wani sa mai tozo da ƙaho har da leɓe a wuya. Nan take aka bar gina motoci, kowa sai shanu. Kafin a jima an yi garke guda a gindin bishiya, wasu da ƙafa uku, ana shanya su a rana.

Yara sun kusa ninka yadda muka fara, ɗanwake kuwa bai ƙaru ba. Na tsaya a kan tukunya ina lissafi a zuci. 'Yata ta zo ta leƙa, ta ce a zuba a manyan farantai, a fara ba ƙanana su ci su ƙoshi, manya su tsaya a kansu suna ba su ruwa. Kafin ƙananan su gama, manyan sun cika ciki da rake da gugguru da fura, ɗan abin da ya rage ya ishe su. Namu suka rufe ido suka yi addu'a, 'ya'yan maƙwabta suka yi bisimilla, aka sa hannu a faranti ɗaya. Da aka kira azahar na kora 'ya'yan maƙwabta, suka tafi a guje suka dawo da danshin alwala a goshi.

Da inuwa ta fara tsawo 'yan mata suka ja da'ira za su yi gaɗa, sai aka rasa mai ba da waƙa. Inna ta ture ƙwaryar gyaɗarta ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane. Tunda na zo gidan ban taɓa jin ta rera komai ba sai waƙar coci. Ta ɗauko waƙoƙin 'yanmatancinta, muryar na rawa amma ba ta manta baiti ko ɗaya ba, yara na amshi suna tafi. Ƙanana ma aka riƙa jefa su a hankali ana cafewa, suna ƙyalƙyala dariya. Iyaye maza da suka dawo daga sharar gona suka tsaya daga nesa suna kallo, mijina a cikinsu, ya sa hannu ya rufe baki ganin mahaifiyarsa tana juyi.

Aka rufe da jan igiya. Aka ciro igiyar guga, aka raba yara biyu, manya da ƙanana a cakuɗe. Fasto ya zo ya ce shi ne alƙali, bai jima ba ya ga ɓangare ɗaya na shan wuya ya tattare riga ya kama musu. Igiyar ta tsinke a tsakiya, kowa ya zube, har shi. Aka ce an yi kunnen doki.

La'asar ta wuce sosai kafin su watse. Kowane ƙarami ya tafi da sansa na yumɓu da ƙullin gyaɗa, da yawa sun yi barci a bayan manyan da suka riƙe su tun safe. Fasto yana kaɗe ƙura daga wandonsa ya ce min, “Malama, sannu da ƙoƙari. Ban zaci za a yi haka ba.”

“Ba ni ba ce, Baba. Ga mai aikin can.”

Ya waiga. 'Yata na tattara ɓawon rake a kwando. Da ta ga ana kallonta sai ta sunkuyar da kai ta zagaya bayan rumbu.

Da magariba muryarta ta dushe gaba ɗaya, ko amsa kira ba ta iya yi. Inna ta kira ta ɗakinta, ta dama mata zuma da ruwan ɗumi, ta zaunar da ita a bakin gadonta, wurin da ko mijina ba ya zama. Da na leƙa in ce ta zo ta wanke tukwane, na tarar ta yi barci a nan, ƙafafunta fari fat da ƙura. Inna ta ɗaga min hannu alamar in yi shiru. Na ja labule, na fita na wanke tukwanen da kaina.